Jalingo: Garin Sansani da Tukwanensa

Masu cewa Jalingo ba ta da tarihi sai daga 1991, shekarar da aka cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, ba su taɓa tsayawa sun saurari sunayen unguwanninmu ba. Sarkin Dawaki, Barade, Majidaɗi, Turaki, Sintali, Kachalla Sembe: duk sarautu ne na fada da na fagen fama. Garin da unguwanninsa ke amsa irin waɗannan sunaye ba gwamnan soja ne ya haife shi ba.

Masarautar Muri ta samo asali ne daga Hammaruwa, ƙanin Buba Yero na Gombe, tun zamanin jihadi. Jalingo kuwa aikin Lamiɗo Muhammadu Nya ne, wanda ya kafa sansani a nan yana fuskantar Jukunawan Kona, ya kuma mayar da wurin mazauninsa a 1893. A nan ake gardama. Wasu na cewa ba don igwar Bafaranshen nan Mizon ba, wanda ya biyo Binuwai ya taimaka masa a 1892, da Kona ba ta faɗi ba. Mutanen Kona kuma na cewa ƙasar tasu ce tun kafin a ɗaure doki ko ɗaya a kanta. Ni dai ina ganin kowa na da gaskiyarsa: igwa ta fasa ganuwa, amma igwa ba ta kafa kasuwa, ba ta gina masallaci. Nya ne ya yi wannan. Kuma ba mai hankalin da zai musanta cewa Kona ta girmi Jalingo. Sababbin unguwannin da suka tsiro bayan zuwan sakatariya, waɗannan nasu labarin daban ne.

Abin da marubuta ke tsallakewa shi ne wanda ya shayar da sansanin. Mahayi ba ya shan ruwa da takobi. Randar da ke sanyaya ruwa a zaure, tulun da 'yan mata ke kaiwa rafin Lamurde da Mayo Gwoi, tukunyar tuwo, kaskon turaren wuta, duk daga hannun matan ƙauyukan kewaye suka fito, Jukunawa da Mumuye. Su ne suka san inda yumɓu mai kyau yake. Sukan kwaɓa shi, su gina da hannu ba na'ura, su goge da dutse mai santsi, su yi zane a wuyan tukunya tun tana ɗanya, sannan su tara itace da ciyawa su gasa a fili. Iyayenmu kan ƙwanƙwasa tukunya da yatsa kafin su saya. Daga ƙararta suke gane ko ta gasu.

Sai langa da fanteka suka shigo, suka mamaye jeren amarya. Bayansu tangaran, bayansa roba da kula. Yau yarinya a Sarkin Dawaki za ta yi aure ba randa ko ɗaya a kayanta.

Kada a ce zamani ne kawai. A ƙasar Biyetnam akwai ƙauyen Bat Trang, kusa da Hanoi, wanda ya shafe ɗaruruwan shekaru yana gina kwanuka da kofuna, ana yi musu zane da hannu, har yau kuma baƙi na tururuwa su saya. A nan gida ma, a 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar tukwane da Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja, ga hotonta nan a bayan naira 20. Hannun matan Kona bai gaza nata ba. Mai riƙe shi ne aka rasa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Jalingo na da jami'a tun 2008, tana da fadar Sarkin Muri, tana da ma'aikatu jere. Amma tsofaffin da suka iya wannan sana'a suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuma na tallar ruwan leda a bakin tasha.