Wutar Kainji da Fitilun Yamai

Kogin Kwara yakan ratsa birnin Yamai kafin ya shiga Nijeriya, amma shekara da shekaru wutar lantarkin da ruwansa ke bayarwa daga kudu take komowa. An gama madatsar Kainji a 1968, a shekarar kuma Nijar ta kafa kamfanin wutarta, NIGELEC. A 1976 aka ja waya daga Birnin Kebbi har Yamai. Wutar tana da araha, gama ta ruwa ce. Arahar nan kuwa ta sa aka yi sanyin jiki wajen gina na gida. Madatsar Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008, ta yi ta jan ƙafa.

Sa'an nan sojoji suka yi juyin mulki ran 26 ga Yuli 2023. Cikin 'yan kwanaki Nijeriya ta yanke wutar bisa ga takunkumin ECOWAS, alhali wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga can take zuwa. Masu walda, masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka yini zaune, su da ba su hamɓarar da kowa ba.

Rana, wadda mutanen Yamai suka saba kuka da zafinta, ita ta rage wahalar. A Nuwamba 2023 tashar Gorou Banda, mai megawat 30 da alluna fiye da 55,000, ta fara ba birnin wuta, ko da yake da rana ta faɗi sai aikinta ya tsaya. Nijeriya ba ta maido da tata ba sai Maris 2024.