Uwar Garke

Kalmar "uwar garke", wadda masu fassara manhajoji suke amfani da ita a maimakon "saba" da aka aro daga Ingilishi, ta samo asali ne daga kiwo, inda garke ke nufin taron dabbobi, uwa kuwa takan nuna ginshiƙin da saura suka dogara da shi, kamar a "uwar kuɗi". A cibiyoyin adana bayanai, tana nufin kwamfutar da ke amsa buƙatun dubban na'urori dare da rana, wadda akan tanadar wa mashigar lantarki biyu domin kada ta tsaya idan ɗaya ta lalace, kuma akan sauya faifan ajiyarta tana cikin aiki. Zaɓin ya dace ƙwarai, domin ya fito da dogaron sauran na'urori a kanta, alhali kalmar Ingilishin hidima kawai take nunawa.