John Chernoff da Ɗaukar Kiɗan Dagomba a Tamale

John Miller Chernoff, Ba'amurke ne, ya zo Gana a 1970 don karatu a Jami'ar Legon. Daga baya ya nufi Tamale, ya zauna gaban Alhaji Ibrahim Abdulai, ɗaya daga cikin manyan makaɗan Dagomba, ya koyi kiɗa da hannunsa. Littafinsa, African Rhythm and African Sensibility, ya fito a 1979, shekaru kafin faya-fayansa na ƙasar Dagbon su shiga kasuwa. Wato ya riga ya zama makaɗi kafin ya zama mai ɗaukar sauti.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka dubi kayan kiɗan. Makaɗan Dagomba, waɗanda ake kira lunsi, suna kaɗa luŋa, ɗan'uwan kalangu, wanda ake matsewa a hammata a sauya masa murya, da guŋgɔŋ, babbar ganga mai igiya a kan fatarta da ke ƙara mata amo. Gangar takan danne luŋa idan ba a aje makirfo inda ya dace ba, alhali kuwa a bakin luŋa maganar take: kirarin sarakuna, salsalar gidaje, da karin magana. Wanda bai san kiɗan ba ƙara zai bi, ya bar maganar. Wasu daga cikin taken nan ma da Hausa ake kaɗa su, gadon fataken goro da malaman da suka riƙa ratsa Yendi zuwa Salaga.

Kamfanin Rounder na Amurka ya fitar da Master Drummers of Dagbon a tsakiyar shekarun 1980, kashi na biyu a 1990, sai Master Fiddlers of Dagbon, na masu goge, a 2001. An ambaci Alhaji Ibrahim a matsayin jagoran makaɗan, saɓanin ɗauke-ɗauke da dama na zamanin Turawan mulki, inda sunan ƙabila kawai akan rubuta.

Sai dai faifai yana da iyaka. Samban' luŋa, tarihin sarautar Dagbon da lunsi ke rerawa a ƙofar fada lokacin Sallah, kwana ake yi ana yinsa, kuma mai saurare a Amurka kiɗan kawai yake ji. Wannan giɓi ne bayanan Alhaji Ibrahim suka cike, waɗanda Chernoff da abokan aikinsa suka ɗauka, suka fassara zuwa Turanci, aka sa su a intanet da sunan A Drummer's Testament.