Jikin Mai Sana'a a Lissafin Jari: Nazari a kan Kula da Kai da Tsara Kasuwancin Matan Gida a Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi alaƙar kula da kai da tsara kasuwanci a wajen matan da ke sana'a cikin gidajensu a Kano da kewayenta. An bi hanyar nazarin rubuce-rubuce, inda aka haɗa ayyukan masana a kan cinikin matan Hausawa da sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙananan 'yan kasuwa a wasu ƙasashe. Maƙalar ta nuna cewa lissafin da akasarin mata ke yi yana barin ƙarfinsu da lokacinsu a waje, don haka abin da ake kira riba sau da yawa ladan wahala ne kawai. An kawo hujja cewa barci da magani da hutun jego suna da gurbi a cikin tsarin kasuwanci, daidai da gurbin kuɗin itace da na markaɗe.

1.0 Gabatarwa

Kafin a kira assalatu mai ƙosai ta riga ta tashi. Tun dare ta surfa wake ta wanke, da asuba ta aika markaɗe, ta buga ƙullu, ta hura wuta, ta zauna gaban kasko har hantsi. Tana sauke kasko aikin gida na jiran ta: wanke-wanke, shara, abincin rana, sallamar yara zuwa islamiyya. In aka tambaye ta jarinta, za ta lissafo wake da mai da tattasai da itace. Ba za ta ambaci bayanta ko idanunta ba, alhali su ne suka fi komai shan wuya a sana'ar.

Hausawa sun daɗe da cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tambayar wannan nazari ita ce: me ya sa wannan sani bai shiga lissafin sana'ar mata ba, kuma ta wace hanya za a shigar da shi?

Ya kamata a fayyace kalma tun daga farko. A bakin mutane da yawa, kula da kai na nufin gyaran jiki, wato dilka da halawa da lalle. Ma'anar da aka ɗauka a nan ita ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya: ikon mutum da iyalinsa da al'ummarsa na kiyaye lafiya, da kare kai daga cuta, da jure rashin lafiya idan ta zo, ko da ma'aikacin lafiya a kusa ko babu.

2.0 Waiwaye a kan Ayyukan da Suka Gabata

Cinikin matan kulle tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Littafin Mary Smith (1954) a kan rayuwar Baba ta Karo ya nuna mata suna kaɗi da dafa abincin sayarwa, suna kuma musayar gudummawar biki a tsakaninsu. Polly Hill (1969), wadda ta yi aiki a Batagarawa kusa da Katsina, ta kira wannan harka ɓoyayyen ciniki, ta kwatanta shi da saƙar zuma: kowane gida rumfa ne, kayan suna zagayawa daga wannan zaure zuwa wancan ba tare da sun je kasuwa ba. Enid Schildkrout, a binciken da ta yi a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa yara ne ƙafafun wannan ciniki, su ne ke sayo kaya, su ne ke kai talla. Yakubu Zakaria (2001) ya sake jaddada cewa gudummawar matan kulle ga tattalin arzikin Arewa tana da yawa, sai dai ƙididdigar hukuma ba ta ganin ta.

Waɗannan ayyuka sun tabbatar da cewa matan suna ciniki, sun kuma bayyana yadda suke yi. Abin da wannan maƙala ta fi mayar da hankali a kai shi ne kuɗin da jikin mace ke biya.

3.0 Jari Kaɗai Ba Ya Tayar da Sana'a

An daɗe ana ɗauka cewa matsalar mace mai sana'a rashin jari ne kawai. A kan wannan fahimta Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da asusun naira biliyan 220 na ƙanana da matsakaitan sana'o'i a 2013, ya ware wa mata kashi 60 cikin 100. Niyyar tana da kyau, amma gwaje-gwaje sun nuna cewa zancen ya fi haka zurfi. A Siri Lanka, de Mel da McKenzie da Woodruff (2009) sun raba wa ƙananan 'yan kasuwa tallafi, ribar maza ta ƙaru sosai, ta mata kuwa kusan ba ta motsa ba. A Gana, Fafchamps da abokan aikinsa (2014) sun ga cewa tallafin da aka ba mata a matsayin kayan sana'a ya fi wanda aka ba su tsaba amfani. Daga baya Bernhardt da abokan aikinta (2019) suka sake duba bayanan Indiya da Siri Lanka da Gana, suka gano cewa kuɗin da aka ba mace yakan ƙare a sana'ar mijinta.

Duk wanda ya san gidan Bahaushe zai gane inda kuɗin ke tsiyayewa. A shari'ar Musulunci dukiyar mace tata ce, ciyarwa kuma a wuyan miji take. A zahiri kuwa, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, gwangwanin cinikin uwargida shi ne ke cike giɓin cefane, shi ne kuɗin makaranta, shi ne gudummawar biki da ankon ƙawa. Ga bashin maƙwabta, wanda kunya da kara ke hana a nema. "Ai ba na iya hana ta, tare muke zaune," haka za ka ji mace ta ce, ranar da uwar kuɗi ta riga ta karye.

4.0 Ribar da Ba Riba Ba

A ɗauki misalin lissafi. Mai awara ta zuba naira 10,000 a waken suya da mai da itace da markaɗe, ta tashi da 12,000. A wajenta ribar yau 2,000 ce. To amma ta shafe awa takwas tana tata, tana dafawa, tana tuya. Da wata ta ɗauka ta yi mata wannan aiki, a ce ta biya ta 1,500, abin da zai saura 500 ne. Wannan 500 ita ce riba ta gaskiya, sauran ladan aikinta ne. Muddin ba ta raba biyun ba, ba za ta san ko sana'ar na ciyar da ita ba ko ita ce ke ciyar da sana'ar da ƙarfinta.

Ƙarfin nan kuma yana da iyaka. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa mata ne ke yin fiye da kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da ba a biya a faɗin duniya. Ke nan mai sana'ar gida aiki biyu take yi a wuni ɗaya, a wuri ɗaya, babu lokacin tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020. Matar da ke girkin iyali kawai tana shaƙar rabonta. Mai waina da mai ƙuli-ƙuli, da ke wuni a bakin murhu, suna shaƙar ninkinsa. Ciwon baya na mai sunkuyo a kan tanda, raunin ido na mai ɗinkin hula, tari da jan ido na mai suyar gyaɗa, duk kuɗin sana'a ne da ba a rubuta ba, sai ranar da aka kwanta a biya su gaba ɗaya daga uwar kuɗi.

Masu sayar da atamfa da leshi da turaren wuta ta WhatsApp da Instagram sun tsira daga hayaƙi, amma sun gamu da wata wahalar. Shagon Kantin Kwari ana rufe shi da yamma, shagon waya ba shi da ƙofa. Ƙarfe goma sha biyun dare saƙo zai shigo: "Hajiya, nawa ne wannan?" Tana tsoron in ba ta amsa ba ciniki ya wuce ta. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙonewar ƙarfi saboda gajiyar aiki mai ɗorewa cikin matsalolin da ke da nasaba da sana'a, kuma alamarta ta farko ita ce mutum ya ji ƙarfinsa ya ƙare ƙaf.

5.0 Abin da Gwaji Ya Nuna Yana Aiki

A Jamhuriyar Dominika, Drexler da Fischer da Schoar (2014) sun gwada horo iri biyu: darasin akanta na sosai, da kuma ƙa'idoji masu sauƙi, irin su a ajiye kuɗin sana'a daban da na gida, mai sana'a ta yanka wa kanta albashi, in ta ara daga sana'a ta mayar. Ƙa'idoji masu sauƙin ne suka fi canza halin mutane, musamman waɗanda karatunsu bai yi nisa ba. A Kenya, Dupas da Robinson (2013) sun ba mutane ɗan akwatin ƙarfe mai kwaɗo don tanadin lafiya, tanadin ya ƙaru da kashi 66 cikin 100. A Lome ta ƙasar Togo, Campos da abokan aikinsa (2017) sun bi 'yan kasuwa 1,500, suka ga horon da ke koya wa mutum hangen gaba da shirya wa matsala tun ba ta zo ba ya ƙara riba da kashi 30 cikin 100 a shekara biyu, horon kasuwanci na al'ada kuwa bai nuna tasiri tabbatacce ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, babu ɗaya cikin waɗannan dabaru da take baƙuwa ga Bahaushiya. Akwatin Kenya asusu ne. Ware kuɗi don wata buƙata shi ne adashe. Abin da ya rage shi ne a ba kowane asusu suna: na uwar kuɗi, wanda ba a taɓawa, na ladan aiki, wanda daga shi za a yi cefane da biki, da na lafiya. Matar da ba ta iya boko ko ajami ba ma za ta iya riƙe wannan tsari da gwangwani uku.

6.0 Jego a Cikin Tsari

A nan ne, a ganina, tsare-tsaren kasuwancin da ake koyarwa a tarukan horo suka fi yin nisa da rayuwar matan. Takardar tsari takan tambayi kasuwa da abokan gasa da farashi, kamar mai sana'ar za ta yi aiki wata goma sha biyu cur kowace shekara. Mace mai shekarun haihuwa kuwa tana da goyon ciki, da ranakun awo, da kwana arba'in na wankan jego, wani lokaci har da tafiya gida goyon ciki ko wanka. A wannan tsakani murhu ya mutu, masu saye sun koma wani gida, jari ya tafi a hidimar suna. Da yawa daga nan sana'arsu ke rasuwa, wasu kuma tsoron haka ke sa su koma bakin wuta jikinsu bai gama warwarewa ba.

Haihuwa tana ba da sanarwar watanni. Abin da ke ba da sanarwa irin wannan ana iya shirya masa. Mace za ta iya tsara kwasar adashenta ta dace da watan haihuwa, ta koya wa ƙanwa ko abokiyar zama ko maƙwabciya riƙon sana'ar a kan wani kaso da aka yi yarjejeniya, ta mayar da uwar kuɗi kayan da ba sa saurin lalacewa, kamar gyaɗa ko wake da aka saya da kaka lokacin da suke araha a kasuwar Dawanau. Binciken Gana ya goyi bayan wannan dabara ta ƙarshe, domin buhu ya fi tsaba wuyar taɓawa. Haka nan azumi da damina da lokacin bukukuwa duk sanannu ne, kowanne da yanayin cinikinsa da nauyinsa a jiki.

Akwai gargaɗi ɗaya. Idan aka ce mace ta rage wa kanta aiki, hanya mafi sauƙi ita ce ta ɗora wa 'yarta, ta ƙara mata farantin talla ko ta hana ta makaranta. Wannan mayar da gajiya ne daga uwa zuwa 'ya, kuma tsarin da ya tsaya a kan haka bai gyara komai ba. Taimakon ya fito daga babba, a kuma biya shi.

7.0 Shawarwari

Dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan Nijeriya, Jihar Kano kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya tun 2016. Ƙungiyoyin adashe, da yake sun saba tara kuɗi a kan lokaci, su ne suka fi dacewa su shigar da mata wannan tsari a ƙungiyance. Magidanta su ma suna da nasu: wanda ya ari kuɗin sana'ar matarsa ya sani bashi ne, ya biya.

Kira na musamman shi ne ga SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, da bankunan ƙananan rance da ƙungiyoyin da ke horar da mata a Kano. A takardar tsarin kasuwancin da kuke ba mace ta cike, ku ƙara layi uku: awa nawa take aiki a rana, nawa ta ware don magani, wa zai riƙe mata sana'a idan ta haihu ko ta kwanta ciwo. Kada a miƙa mata rance sai an zauna da ita an cike su.