Kankare da Zafin Rana: Tarihin Shimfiɗar Mota a Ƙofar Gida

Gabatarwa

Shimfiɗar kankaren da mota ke bi daga bakin titi zuwa cikin gida abu ne da aka saba gani, har an daina lura da shi sai ranar da ya tsage. A ƙasashe masu zafi kuwa wannan rana takan zo da wuri. Magidanci yakan kashe kuɗi masu yawa a kan siminti da yashi da tsakuwa, amma kafin damina biyu ta zagayo sai ya ga shimfiɗar ta dare, samanta yana ɓarɓashi. Ƙa'idojin da ke hana wannan hasara ba a rana ɗaya aka same su ba. Sun taru ne cikin shekaru kimanin dubu biyu, kuma kowace daga cikinsu tana da tarihinta.

Daga tokar Rumawa zuwa simintin Ingila

Rumawa ne suka fara shahara da ginin kankare. Sun lura cewa idan aka gauraya ƙonanniyar farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, musamman ta yankin Pozzuoli kusa da birnin Naples, haɗin yakan daskare ya zama tamkar dutse ko da a cikin ruwa ne. Masanin gininsu Vitruvius ya yi bayanin wannan toka a ƙarni na ɗaya kafin miladiyya. Babbar shaidar gwanintarsu ita ce ƙubbar Pantheon da ke birnin Rum, wadda aka kammala wajen shekarar 126 a zamanin Sarki Hadrian. Faɗinta ya kai mita 43, babu rodi ko ɗaya a cikinta, kuma har yau tana tsaye.

Bayan faɗuwar daular Rum wannan sana'a ta ja baya a Turai tsawon ƙarnoni. A shekarun 1750 injiniya John Smeaton, yayin da yake shirin gina hasumiyar haska jiragen ruwa ta Eddystone a gaɓar Ingila, ya gano cewa farar ƙasar da ke da yumɓu a cikinta ita ce ke ba da haɗin da ruwa ba ya ci. Ya kammala hasumiyar a 1759. A 1824 kuma wani birkila na garin Leeds, Joseph Aspdin, ya yi rajistar nasa haɗin da sunan simintin Portland, saboda kamannin da ya yi da wani dutsen gini mai daraja da ake haƙowa a tsibirin Portland. Waɗanda suka biyo bayansa suka ƙara zafin wutar gashin, har aka kai ga simintin yau da ake gasawa a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450.

Kankare ya sauko kan hanya

Titin kankare na farko a Amurka an zuba shi ne a garin Bellefontaine na jihar Ohio a 1891. Mai aikin, George Bartholomew, ya sha fama kafin ya shawo kan mahukuntan garin, domin suna shakkar cewa kofaton dawakai da ƙafafun keken doki za su farfasa shi. Sai da ya ajiye jinginar dala 5,000 a kan cewa titin zai yi shekara biyar lafiya. Wani sashe na titin da aka zuba a garin a 1893 yana nan har yanzu. A 1909 aka shimfiɗa mil ɗaya na kankare a hanyar Woodward ta yankin Detroit, shekara ɗaya bayan fitowar motar Ford ƙirar Model T.

Yawaitar motoci ita ce ta haifi shimfiɗar ƙofar gida kamar yadda aka san ta. Da mota ta zama abin da matsakaicin ma'aikaci ke iya mallaka, sai aka buƙaci wurin ajiye ta da hanyar da za ta bi ba tare da ta kafe a laka ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sababbin unguwannin da aka yi ta ginawa a bayan biranen Amurka suka mayar da wannan shimfiɗa wani ɓangare na tsarin gida, daga nan salon ya bazu.

Darasin ruwa da darasin zafi

A 1918 Duff Abrams, wani mai bincike a birnin Chicago, ya tabbatar da ƙa'idar da har yau ake koyarwa: ƙarfin kankare ya dogara ne a kan yawan ruwan da aka zuba idan aka gwada shi da yawan siminti. Ruwa ya yi yawa, ƙarfi ya ragu. Wannan ƙa'ida ta fi ciwo a ƙasar zafi, domin a can ne kwaɓi ke saurin sandarewa, leburori su yi ta ƙara masa ruwa don ya yi daɗin shafe. Abin da ke ruɗar mutane shi ne zaton cewa bushewa ce ke sa kankare ƙarfi. Haƙiƙa siminti yana shan ruwa ne a hankali, yana haɗewa da shi, yana ɗaure yashi da tsakuwa. Idan rana da iska suka janye ruwan tun da wuri, wannan aiki yakan tsaya, saman shimfiɗar ya takure ya tsattsage. Saboda haka ruwan da ke cikin kwaɓi a taƙaita shi, ruwan da ake bai wa shimfiɗa bayan ta kama kuwa a yawaita shi.

Darasi na biyu ya fito fili a madatsar ruwa ta Hoover, wadda aka gina a hamadar da ke kan iyakar jihohin Nevada da Arizona daga 1931 zuwa 1936. Siminti yana fitar da nasa zafin yayin da yake daskarewa, kuma injiniyoyin sun ƙiyasta cewa da an zuba ginin a dunƙule, da sai ya yi shekara 125 kafin ya huce, yana tsagewa a hanya. Sai suka zuba shi gunduwa-gunduwa, suka binne bututun da tsawonsa ya haura kilomita 900 a cikinsa, suna tura ruwan sanyi. A shekarun 1970 kuma ƙasashen yankin Gulf suka koyi nasu darasin da tsada: gine-gine da yawa da aka yi cikin gaggawa da yashi da ruwa masu gishiri sun lalace tun ba su tsufa ba, domin gishiri da zafi suna hanzarta tsatsar rodi. Shi ya sa lokacin gina Burj Khalifa a Dubai aka riƙa zuba kankare da dare a watannin zafi, ana sa ƙanƙara a cikin kwaɓin.

Abin da ya iso ƙofar gida

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga wannan tunani. Tun kafin zuwan siminti, mata sun san cewa daɓe ba ya ƙarko sai an daka shi da kyau, ana yayyafa masa ruwa da makubar ɗorawa. Da aka kafa masana'antun siminti a Malbaza ta Nijar da Kalambaina ta Sakkwato a shekarun 1960, kankare ya riƙa maye gurbin daɓe a tsakar gida da ƙofar gida, ya kuma tarar da zafin bazara da busasshiyar iskar hunturu suna jiransa.

Ƙa'idojin da magina masu lura ke bi a yau taƙaitawar wancan dogon tarihi ne. Ana danne ƙasa sosai a shimfiɗa tsakuwa kafin zubi, a jiƙa ta don kada ta shanye ruwan kwaɓi. Kaurin shimfiɗar ƙananan motoci ba ya gaza santimita 10. Ana zubi da asuba ko da yamma lis, a ajiye yashi da tsakuwa a inuwa. Ana yanka layuka kowane mita uku ko makamancin haka, zurfinsu rubu'in kaurin shimfiɗar, domin kankare yana miƙewa da rana yana takurewa da dare: shimfiɗa mai tsawon mita 10 tana iya motsa kimanin milimita uku idan zafi ya sauya da digiri 30, kuma layin shi ne ke zaɓa wa tsaga wurin da za ta bi. Ana ɗan karkata ta don ruwan sama ya gangara. Daga nan sai a lulluɓe ta da jiƙaƙƙun buhuna ko leda, a yi ta ban ruwa aƙalla kwana bakwai, mota ba ta hawa. A kwana na 28 ne ake auna cikar ƙarfinta.

Kammalawa

Daga ƙubbar Rum zuwa titin Bellefontaine, abin da ya daɗe shi ne abin da aka auna kayansa aka kuma ba shi lokaci. Mafi yawan shimfiɗun da ke lalacewa a ƙasar zafi, a makonsu na farko suke samun cutar da za ta kashe su, lokacin da aka ga sun bushe aka ɗauka an gama. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma a nan rigakafin bai wuce inuwa da ruwa da haƙurin kwana bakwai ba.