Farautar kifi da mashi a ƙarƙashin kogi: Haɗurra da matakan kariya

Farautar kifi da mashi a ƙarƙashin ruwa wata hanyar kamun kifi ce da mai nutso ke goya tukunyar iska a baya, ya sauka ƙasan ruwa, ya harbi kifi da bindigar mashi. Doka ta bambanta a kanta: Tarayyar Turai ta haramta haɗa bindigar mashi da tukunyar iska a tekun Bahar Rum tun shekarar 2006, yayin da a Amurka wasu jihohi, irin su Dakota ta Kudu da kogin Missouri ya ratsa, suka halatta ta bisa sharuɗɗa. A kogi mai gudu kuma mai laka, ruwan kansa ne babban haɗari.

Ƙarfin gudun ruwa

Mai nutso ɗauke da kaya da ƙyar yake jure ninƙayar da ta wuce rabin mita a daƙiƙa ɗaya, kuma idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin turinsa yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa ƙwararru ba sa ja da kogi. Sukan shiga daga sama, su bi ruwa, jirgi na biye da su ɗauke da tutar gargaɗi, bayan sun tsayar da wurin fita tun kafin shiga. A ƙasan madatsar ruwa kuwa, dole a san lokacin sakin ruwa, domin kogi kan canza cikin mintuna kaɗan.

Sarƙewa a cikin duhu

A ruwa mai laka, mutum ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannunsa. Bishiyar da ta faɗa kogi takan bar ruwa ya wuce ta tsakanin rassanta, ta riƙe mutum, ruwa kuma ya danne shi a jikinta. Haka ma tsofaffin koma da zaren fatsa. Don haka ake riƙe wuƙa da almakashi a wurare biyu da kowane hannu zai iya kaiwa. Ba a ɗaura igiyar mashi a jiki: idan babban kifi ya ja ta cikin rami, sai a saki bindigar. Rai ya fi kaya.

Ƙa'idar harbi

Ba a harbin inuwa, domin tana iya zama abokin nutso. Ba a ɗana bindiga sai a cikin ruwa, kuma a kwance ta kafin a hau jirgi. Inda gani ya yi ƙaranci, gajeren mashin hannu ya fi aminci.

Iska da tasowa

Kokawa da ruwa na cinye iska da sauri, saboda haka ake yawan duba ma'auni, a kuma fara tasowa da sauran iska mai yawa a tukunya. A zurfin mita 10, matsin da ke kan jiki ya ninka na saman ruwa sau biyu. Wanda ya riƙe numfashi yana tasowa, iskar da ke huhunsa za ta kumbura har ta iya fasa shi. Ana tasowa a hankali, kimanin mita 9 a minti ɗaya, a dakata minti 3 a zurfin mita 5, domin iskar naitirojin ta fita daga jiki. Ciwon gaɓoɓi, jiri ko mutuwar wani sashen jiki bayan nutso alamu ne da ke buƙatar iskar oksijin da garzayawa asibiti.

Duk waɗannan matakai ba su maye gurbin horo a hannun ƙwararren malami ba. Kuma ranar da kogi ya cika bayan ruwan sama, matakin da ya fi kowanne shi ne a fasa shiga.