Ina Akwatin Wasiƙa Yake? Tarihin Saƙo a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A shekarar 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wata fadama mai wuyar shiga a dajin Dartmoor na ƙasar Ingila, don duk wanda ya kai wurin ya bar katin sunansa. Daga baya aka sa akwati, matafiyi ya jefa wasiƙa, na bayansa ya ɗauka ya kai gidan waya. Nan wasan ɓoye akwati da farautarsa ya samo asali, wanda ya bazu a Amurka bayan mujallar Smithsonian ta ba da labarinsa a 1998.

To, abin da Bature ya mayar wasa, mutanen kudancin Katsina sun yi shi don dole. Baƙon da ya sauka Sabuwa ko Faskari shekaru 50 da suka wuce yana cigiyar inda ake jefa wasiƙa, galibi mutum za a nuna masa: hedimasta, ko mai kanti, ko magatakardan hakimi, ko direban motar kasuwa.

Dalili kuwa shi ne wasiƙa layin dogo ta bi. Jirgin da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Saboda jirgi da cinikin auduga Funtuwa ta zama ƙofar saƙo, garuruwan da ke gefe kuma sai abin da ya ƙaraso musu. Wasiƙar Sabuwa sai ta bi ta Dandume. Ko da aka raba ma'aikatar P&T a 1985, NIPOST ta ɗauki wasiƙu, NITEL ta ɗauki tarho, talakan ƙauye bai ga wani sauyi a ƙofar gidansa ba.

Mu marubuta, abin da ya kamata mu duba da kyau shi ne yadda akwati guda yake ɗaukar unguwa guda. Makaranta ko ofishin ƙaramar hukuma za su yi hayar akwati, sai kowa ya ari lambar, a rubuta sunan mutum, a ƙara da "ta hannun wane". Wasiƙa kan yi mako biyu a aljihun wannan wane ɗin. In ta iso, wanda bai yi boko ba sai ya nemi ɗan makaranta ya karanta masa, ya kuma rubuta masa amsa. Ke nan asirin mutum ɗaya kan bi ta hannu uku ko huɗu. Soja a bariki ya aiko wa tsohuwarsa kuɗi, ɗan cirani a Ikko ya aiko da maganar aure ko ta saki, duk ta wannan hanya. Mai riƙon amana ya yi suna, mai buɗe ambulan ma ya yi nasa. A ganinmu, labaran soyayyarmu da yawa sun yi wa wannan kwana sakaci: saurayi ya rubuta, budurwa ta karanta, kamar babu kowa a tsakani.

Ta nan ne kuma adabi ya shiga ƙauye. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939 Abubakar Imam yana edita, ta saba wa mutane da rubuto wasiƙa. Katin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya biyo baya. A shekarun 1990 kuwa, da wuya a ga littafin Hausa da babu lambar akwatin marubucinsa a bango, kuma da wasiƙun makaranta marubuci yake gane inda littafinsa ya kai.

Wayar salula ta shigo a 2001, akwatuna suka yi ƙura. Amma a watan Satumbar 2021, saboda ta'asar 'yan bindiga, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Watanni aka yi a haka. Mutane suka koma tasha da takarda a ninke, suna neman direban da suka yarda da shi. Shi ma direban sai ya zagaya ta Funtuwa, domin gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme.